Gizo-Gizon Bayan Gidan Ruwa

Gidan Ruwa,
Ranar Talata.

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya gwiwa, yaya kuma kunnen nan da ya ƙi jinin waya? A gaishe min da Yaya Nas da yaranta, da fatan ba ta matsa maka da magunguna. Maigidana Tela ma yana gaisuwa.

Kawu, in a tsaye kake, nemi wuri ka zauna kafin ka karanta sauran.

Ka san tun da aka kawo ni tashar nan nake fama da wani tsohon bututu da ke ɗauko ruwa daga kogi zuwa tankunanmu. Abin da inji ke turowa daban, abin da ke isowa daban. Na rubuta wa Manaja cewa akwai inda yake yoyo, ya yaba min, ya ce in nemo wurin a gyara. To jiya da safe na sa takalmin ruwa na bi layin bututun da ƙafa, har na shiga fadamar da ke bayan katangarmu, inda ba mai shiga sai masu yankan ciyawa. Can tsakiya na tarar da wasu 'yan kududdufai, kowanne bai fi faɗin ɗaki ba, ruwansu garau, ciyawa mai kaifi ta kewaye su.

Na tsuguna ina neman inda ruwa ke ɓulɓulowa, sai idona ya faɗa kan wani abu a gindin kara. Gizo-gizo, Kawu! Da ƙafafunsa ya kusa cika tafin hannuna. Launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu, da farin layi biyu a gefe da gefe kamar an ja da alli. Ƙafafun baya sun riƙe kara, na gaba suna shimfiɗe a kan ruwa, kuma ba su nitse ba. Wani ɗan kifi ya zo wucewa. Wallahi ban ga tashinsa ba, sai dai na ga ya sheƙa a guje bisa ruwa ya cafke shi. Da na matsa inuwata ta faɗa kansa, sai ya bi karan ya shige ƙarƙashin ruwa, jikinsa ya koma fari fat kamar azurfa. Na zauna ina duban agogo. Minti ashirin da biyu kafin ya fito, kuma a bushe ya fito.

Tun a wurin nake tambayar kaina. Ba shi ne na cikin zanen da ke manne a bangon ɗakin karatunka ba, wanda muna yara muke ce wa ɗan farin Kawu? Na tuna layin nan biyu. Na tuna yadda kake hana mu taɓa takardar.

Na wanke hotuna huɗu na sa a cikin ambulan ɗin nan, direbanmu zai kawo maka gobe in ya shiga gari ɗauko kaya. Na ukun ya ɗan yi dishi-dishi. Don Allah ka ba shi amsa ya taho da ita, ko layi biyu ne.

Yoyon kuwa ban samo shi ba. Na manta da shi sam.

Taka,
Auta.

*

Ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Auta, Injiniyar gidanmu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, gwiwa da sauƙi, kunne yana nan yadda kika san shi. Ina gaida maigidanki.

Na tsare direbanku a falo, an ba shi ruwa, ba zai tafi ba sai na gama. Da na zaro hoto na biyu na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba, yayarki ta shigo a guje tana zaton faɗuwa na yi. Shekara talatin da ɗaya, Auta. Shekara talatin da ɗaya rabona da ganin layin nan biyu a jikin mai rai.

Amma bari malamin ya yi magana kafin tsohon ya ɓata aiki da murna. Akwai wani ɗan'uwansa da suke kama kamar an tsaga kara, shi kuma ba wuyar samu gare shi ba. Ba a rabe su da hoto, sai an duba cikin babbar mace da madubin ƙara girma. Saboda haka na rubuta wa wata tsohuwar ɗalibata da yanzu take koyarwa a jami'a, ita aikinta ke nan. Dakta ake ce mata yanzu. A ajina kuwa ita ce mai hana ni fita shan iska da tambaya.

In shi ne, to ki sani a duk littattafan da nake da su wuri uku kacal aka san yana zaune a ƙasar nan, kuma tsakanin kowane wuri da ɗan'uwansa tafiyar yini ce a mota. Dalili kuwa, tsirfa gare shi. Yana son ruwa mai tsabta wanda ba ya ƙafewa ko da tsakiyar rani, ba ya kuma ambaliya ya kwashe komai. Yana son rana, ba ya zama ƙarƙashin itatuwa. Yana son ciyawa mai tsayuwa da ƙarfi a cikin ruwan. Ba ya tafiya nesa neman sabon gida. In kududdufinsa ya ƙafe shekara ɗaya tak, shi ke nan, an gama da zuriyar wurin.

Ga aikinki. Na ɗaya, kada ki kama, kada ki kashe. Na biyu, kada ki sa hoton nan a waya duniya ta gani, akwai masu tara irin waɗannan a kwalba. Na uku, ki riƙa zuwa da hantsi, ranar da ba iska, ki sa rana a gabanki don kada inuwarki ta riga ki isa. Ki ƙirga, ki rubuta a littafi, kowane kududdufi da lambarsa. Na huɗu, ko na biyar ne, ki duba ko za ki ga mace ɗauke da wani farin dunƙule a ƙarƙashin bakinta, kamar ƙwallon auduga. Ƙwayayenta ne. Ba ta ajiye shi, ba ta cin abinci kirki sai sun ƙyanƙyashe, kuma za ki ga tana tsoma shi a ruwa lokaci-lokaci don kada ya bushe. Daga baya takan yi saƙa kamar ɗan tanti a saman ciyawa ta zuba 'ya'yan a ciki. In kin ga wannan yanar gizon, ta gaske nake nufi, ba ta cikin wayoyinku ba, ki ƙirga ta da kyau, ita ce ma'aunin lafiyar wurin.

Direba ya fara duban agogo. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki.

*

Gidan Ruwa,
Ranar Lahadi.

Kawuna,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya, kai da mutan gidan duka. Ka yi haƙuri da shirun mako biyu, kullum ina cikin taɓo.

SHI NE! Dakta ta zo ranar Alhamis da 'yar jakarta. Ta lallaɓa wata babbar mace ta shiga kwalba, ta juya kwalbar ta kafa madubi tana dubawa har na ƙosa. Can ta ɗago ta ce, "Ki faɗa wa Malam littattafansa sun tsufa. Wuri huɗu ne yanzu." Ta mayar da ita kan karan da ta ɗauko ta, sannan muka rungume juna a tsakiyar fadama, mata biyu manya, muna tsalle, taɓo har fuska. Wani mai yankan ciyawa ya hango mu ya sauya hanya.

Ga abin da ke littafina. Kududdufi tara ne. Manyan gizo-gizo arba'in da shida na gani da idona, goma sha ɗaya cikinsu mata ne masu ɗauke da dunƙule. Tanti bakwai. Na leƙa ɗaya, Kawu, 'yan mitsi-mitsi kamar an zuba barkonon ƙasa, sun cure wuri guda, uwar na tsaye a gefe tana gadi. Na hura iska kaɗan, suka watse, suka sake curewa. Sai da Dakta ta janye ni da hannu.

Yanzu ga wanda ya hana ni cin abinci.

Dakta ce ta fara tambaya. Ta ce, "Duk fadamar nan ta bushe ƙurmus, me ya sa waɗannan tara kaɗai suke da ruwa a tsakiyar rani?" Tana rufe baki na gane. Na ɗauko taswirar bututunmu na shimfiɗa kan littafina. Duk tara ɗin a jere suke bisa layin tsohon bututun. Yoyon da nake nema shi ne yake ciyar da su. Wataƙila shekara ashirin yana yi. Da can kogin ne ke shayar da fadamar, da aka gina bangon hana ambaliya ya daina, sai yoyon nan ya riƙe ɗan abin da ya rage.

Ni ce na rubuta a gyara, Kawu. Da hannuna. An amince, an ba ni shugabancin aikin, karo na farko da aka ba mace a tashar nan. Nan da mako uku katafila za ta shiga ta tone layin daga farko har ƙarshe, ta tsakiyar kududdufan, a sa sabon bututu wanda ba ya zubar da ko ɗigo. Kuma ba zan ce aikin banza ba ne. Unguwanni uku ne a ƙarshen layinmu da ruwa ba ya isa gare su sai sau biyu a mako. Na ga matan wurin da jarkoki.

In na yi shiru, ba wanda zai sani sai ni da kai da Dakta. In na yi magana, zan shiga ofishin Manaja in ce a dakatar da aikina saboda gizo-gizo. Ka ji yadda yake a kunne.

Me zan yi?

Taka,
Auta.

*

Ranar Talata.

'Yata Auta,

Wa alaikumus salam. Na gode wa Allah da ya nuna min wannan rana, na kuma gode miki. Na sa yayarki ta karanta min "wuri huɗu" da babbar murya sau uku don in ji da kunnena. Na ɗauko littafin na gyara da jan biro.

Tambayarki kuwa, ba zan amsa ta ba sai na faɗa miki abin da ko matata marigayiya ban taɓa faɗa wa ba.

Kun taso kuna jin cewa na ga gizo-gizon nan sau ɗaya a fadamar bayan makarantar da na koyar, na aika zane aka ce zane ba hujja ba ne, daga nan ya ɓace. Rabin labarin ke nan. Ba sau ɗaya na gan shi ba, shekara biyu na yi ina ƙirga su. Sai makaranta ta so filin wasa. Aka kafa kwamiti, aka ce malamin kimiyya ya duba ko akwai wani abu mai amfani a fadamar. A lokacin sunana yana cikin waɗanda za a ba mataimakin shugaba. An riga an yi min dariya sau ɗaya a ɗakin malamai kan maganar nan, ban so a sake ba. Na rubuta "babu", na sa hannu.

Kwana tara motoci suna juye ƙasa. Tagar ajina tana kallon wurin. Na samu muƙamin, na riƙe shi shekara goma sha huɗu, kuma ban taɓa taka filin nan ba ko ranar wasannin makaranta.

Ban faɗa miki wannan don ki jefar da aikinki ki wanke min laifina ba. Nawa nawa ne. Matan nan masu jarkoki gaskiya gare su, kada ki yarda kowa ya sa ki zaɓa tsakaninsu da gizo-gizo tun ba ki zauna da biro da takarda ba. Ni abin da ya kashe ni, ban ko gwada ba. Ban tambaya ko za a iya matsar da filin taku hamsin gabas ba. Da an iya.

Ke injiniya ce. Ruwa nawa kududdufi tara suke sha a rana? Ruwa nawa bututun yake zubarwa? Na tabbata ba ɗaya ba ne. Ki auna. Kada ki shiga ofishin mutumin nan da hoto kawai, ki shiga da lissafin da ya saba gani.

Ki kuma tambayi Dakta batun kwashe wasu 'ya'yan a rena su a gida, ko da abin ya ƙi.

Allah ya dafa miki.

Kawunki.

*

Shago,
Ranar Juma'a.

Zuwa ga Kawu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan miƙa gaisuwa ta girmamawa, ni ne surukinku Tela. Ku gafarce ni da rubutun, hannuna ya fi sabawa da almakashi. Ita ba ta san na rubuto ba.

Na farko ina kawo ƙara ne. Kawu, ni mutum ne da ko ƙaramin gizo-gizon banɗaki na gani sai na kira a fitar min da shi. Yau a ɗakin da nake ajiye yadi akwai guda ɗari biyu da sittin da uku. Kowanne da kwalbarsa, wai in aka haɗa su cinye juna suke yi. Kowace kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga a gindi. Abincinsu ƙananan ƙudajen nan ne masu bin ayaba, saboda haka yanzu muna kiwon ƙuda ma, a bokiti uku na ruɓaɓɓiyar ayaba a bayan kicin. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya.

Shekaranjiya wani da ya kawo ɗinki ya zo gwajin riga, yana ɗaga hannu sai ga ɗaya yana saukowa daga wuyan rigar a kan zare. Na ce masa ado ne sabon yayi. Bai yi dariya ba.

To amma gaskiya murafen da suka zo da kwalaben ba sa shan iska, na ga 'yan abin suna galabaita. Sai na yanka ragowar yadin raga na ɗinka musu huluna da roba a baki, guda ɗari uku har da na ajiya. Dakta ta ce ba ta taɓa ganin masu kyau irinsu ba, ta ce in yi wa jami'a ma. Da rana in ita tana wurin aiki ni nake ba su ƙuda. Akwai wani na layi na huɗu da in na zo yake ɗaga ƙafafun gaba. Shin suna gane mutum ne, Kawu?

Na biyu shi ne ainihin dalilin takardar. Katafila ta iso kwana huɗu kafin ranar da aka sa. Ranar Litinin ta shiga ta gefen kudu, kafin 'yarku ta ji labari ta riga ta murƙushe kududdufi biyu. Ta ruga ta tsaya a gabanta, ta ce wa direban ya kashe inji, ita ce mai aikin. Ya kashe. Tantuna ukun da ke bakin hanyarsa su ne suka kwaso ita da Dakta, su ne baƙin nawa.

Manaja ya ba ta takardar tuhuma, wai ta tsayar da aiki ba da izini ba. Ranar Litinin mai zuwa za ta bayyana a gabansa da manyan tashar. Ta ce kada a faɗa muku don kada hankalinku ya tashi. Ni kuma na ga ya kamata ku sani, ku sa ta a addu'a. Ta rame, amma idonta a buɗe yake. Teburin cin abincinmu duk taswira ce da lissafi, a tsaye nake cin nawa.

Na barku lafiya.

Surukinku,
Tela.

*

Gidan Ruwa,
Ranar Laraba.

Kawuna na kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma sanar da kai cewa na san wanda ya tsegunta maka, an yi masa hukunci, shi zai wanke bokitan ayaba wannan makon. Saƙonka na baki ta wurin direba ya iso, na gode.

Kawu, an yi! Bari in ba ka daga farko.

Su biyar ne a bayan tebur, ni kaɗai a gaba, Dakta a kujerar bango. Manaja ya ɗaga takardata ta farko ya ce, "Injiniya, ke kika rubuta a gyara bututu. Yau ke ce kike tare katafila da ƙirjinki. Wacce za mu ɗauka a cikin ku biyun?"

Na ce, "Yallaɓai, har yanzu ina nan kan a gyara. Hanyar ce nake roƙo a sauya."

Na shimfiɗa taswira. Na nuna musu cewa in sabon bututun ya bi gefen titi maimakon tsakiyar fadama, zai ɗan ƙara tsawo, amma ƙasar wurin tauri gare ta, katafila ba za ta riƙa kafewa ba, kuma gyaran gaba zai zo da sauƙi. Sannan na kawo awon da na kwana goma ina yi. A cikin kashi ashirin na ruwan da ke zubewa, ɗaya kacal kududdufan suke buƙata, sauran duk ƙasa ke shanyewa a banza. Na ce a ja ɗan siririn bututu daga sabon layin, a sa masa makunni, a ba su kashi ɗayan nan, sha tara su tafi unguwanni.

Wani daga cikinsu ya ce, "Wato mu buɗe wa gizo-gizo famfo." Aka yi dariya. Na ce, "E, Yallaɓai. Ƙarami."

Manaja bai yi dariya ba. Ya daɗe yana bin lissafin da bakin biro. Can ya ce, "Mu je in ga mai famfon."

Da takalminsa na ofis ya shiga, Kawu. Muka tsuguna a bakin kududdufi na shida. Minti goma, ba komai. Minti ashirin, ba komai. Rana ta taka, ya fara share gumi, ni kuwa ina addu'ar da ban taɓa yi wa ƙwaro ba. Har ya dafa gwiwa zai miƙe, sai Dakta ta riƙe masa hannun riga. Ga wata babbar mace a gindin kara. Ga wani ɗan siririn namiji yana tahowa bisa ruwa, taku ɗaya ya tsaya, ya buga ruwan da ƙafar gaba, ɗas, ɗas, ɗas, da'ira na tafiya har wurinta. Ya rusuna, ya ɗago, ya sake bugawa.

Manaja ya rage murya ya ce, "Me yake yi haka?"

Dakta ta ce, "Zance ya zo, Yallaɓai. In bai yi sallama da kyau ba, cinye shi za ta yi."

Ya ƙura wa namijin ido. Sai ya ce, "Bawan Allah, bi a hankali." Mun fi rabin awa a wurin, shi ne ma ya ƙi tashi.

Jiya takarda ta fito. Bututu zai bi titi, an amince da makunnin, an kuma hana shiga da inji tsakanin kududdufi bakwai ɗin da suka rage. Ba duka aka samu ba. Biyun kudu sun tafi, na je na duba, taɓo ne kawai da sawun ƙarfe. Takardar tuhumar tana nan a fayil ɗina, shugabancin aikin kuma an ba wani, ni zan yi masa mataimakiya. Na shiga banɗakin ofis na yi kukana na wanke fuska, ba zan ɓoye maka ba. Amma makullin makunnin a hannuna yake.

Sauran labari, Dakta ta samo wata fadama a gonar gwaji ta jami'arsu, tafiyar awa biyu daga nan, mai idon ruwa na Allah da ba ya ƙafewa. Ta auna ruwan, ta duba ciyawar, ta ce kamar don su aka yi. In 'yan kwalba sun ƙara girma, rabi za su dawo gida, rabi mu kai can. Tela ya ce shi zai riƙe akwatin layi na huɗu a cinyarsa.

Taka har kullum,
Auta.

*

Gidan Ruwa,
Ranar Litinin.

Kawuna,

Assalamu alaikum. Yaya jiki? Yaya Nas ta ce ka ɗan kwanta makon jiya, Allah ya ƙara sauƙi. A tsaye nake rubutun nan, direba ya riga ya tayar da mota.

Ka tuna shekara guda ke nan da muka saki 'yan kwalba a gonar jami'a, kuma duk zuwan da muka yi ina rubuto maka cewa ba mu ga komai ba. Jiya mun koma ni da Dakta da Tela. Awa uku muna zagaye. Mun haƙura mun nufi mota, sai Tela, Tela fa, ya tsaya cak ya nuna da yatsa.

Tanti, Kawu. Guda ɗaya, a saman ciyawa, cike da 'ya'ya, uwar na gadi. A can aka yi zancen, a can aka haife su. Dakta ta ce kada mu yi saurin cewa wuri biyar sai an ga shekara uku a jere. Ta faɗi haka tana share hawaye.

A nan gida kuwa tanti goma sha tara bana, ruwa kuma yana isa unguwannin nan kullum.

Ma'aikatanmu sun shimfiɗa katakai daga katanga har bakin kududdufi na shida, kujera mai taya za ta iya bi. Nan da mako biyu 'ya'yan za su watse. Ranar Asabar motar tashar ba ta da aiki.

Taka,
Auta.

*

Ranar Laraba.

'Yata,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi.

Yayarki ta ce ba inda za ni. Likita ya ce sai abin da awon ranar Juma'a ya nuna. Na aro takalmin ruwa wurin maƙwabci, ya yi min yawa, na cusa jarida a ciki.

Ko me awon ya nuna, a turo direba. Ya zo da wuri, kafin iska ta tashi.

Kawunki.